Sai an taɓa aljihun jami'a take jin kukan ɗalibai baƙar fata?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai, musamman ku da kuka yi karatu a waje. Ni a ganina jami'o'in Turawa ba sa motsi kan wariyar launin fata don tausayi ko don kare gaskiya, sai an taɓa musu aljihu. Hujjata ita ce abin da ya faru a Jami'ar Missouri ta Amurka a 2015. A watan Satumba shugaban ƙungiyar ɗalibai, wanda baƙar fata ne, ya rubuta a Facebook cewa wasu mutane a cikin mota sun yi ta jifansa da kalmar nan ta ƙasƙanci da ake kiran baƙaƙe da ita tun zamanin bauta. A farkon Oktoba wani ɗalibi farar fata ya faɗo wa ɗalibai baƙaƙe a buge suna gwajin wasan kwaikwayo, ya yi musu irin wannan zagin. Ranar 10 ga Oktoba ɗalibai suka tare motar shugaban jami'ar, Tim Wolfe, a wajen faretin bikin makaranta, ko fitowa bai yi ya saurare su ba. Bayan nan aka wayi gari an zana tambarin 'yan Nazi da kashi a bangon banɗakin wani gidan kwanan ɗalibai. Ranar 2 ga Nuwamba Jonathan Butler, ɗalibin digiri na biyu, ya shiga yajin cin abinci, ya ce ba zai sa komai a bakinsa ba sai shugaban ya sauka. Shugaba yana nan daram a kujerarsa. Ranar 7 ga wata 'yan wasan ƙwallon jami'ar suka ce ba atisaye ba wasa. Suna da wasa ranar 14 da Jami'ar Brigham Young, in ba su buga ba tarar dala miliyan ɗaya ke jiran makarantar. Ranar 9 ga wata Wolfe ya yi murabus. Wata biyu yara suna kuka ba a ji ba, maganar kuɗi na shigowa aka ji cikin kwana biyu. Wanda ke da wata fassara daban ya kawo.

Mai_Shayin_Kwana: Wa'alaikumus salam. Babu wata fassara. Ka gama magana.

Malamin_Tsangaya: Wa'alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, labarin ka kawo shi daidai, amma akwai abin da ka tsallake. Wolfe shugaban rukunin jami'o'in jihar ne guda huɗu, ba shugaban harabar Columbia kaɗai ba, inda abin ya faru. Mai riƙe da wannan harabar shi ne R. Bowen Loftin, shi ma a wannan ranar ya sanar da saukarsa. Kuma ba maganar wariya kaɗai ta ci shi ba. A watan Agusta an janye wa ɗaliban digiri na biyu da na uku tallafin inshorar lafiya ba tare da ba su wa'adi ba, sai da suka tayar da ƙura aka mayar. Shugabannin tsangayoyi tara sun rubuta takarda suna neman a cire shi. Wato gidan ya riga ya tsage kafin 'yan ƙwallo su shigo. Ban ce kuɗin bai yi aiki ba, ya yi. Amma da a ce malamai da 'yan majalisar jiha suna bayan mutanen nan biyu, dala miliyan ɗaya ba za ta tuɓe su ba. Kasafin jami'a irin wannan biliyoyi ne.

Ɗan_Fagge: @Malamin_Tsangaya Allah ya gafarta Malam, to ai duk wannan tsagewar tana nan tun Agusta, me ya sa bangon bai faɗi ba sai ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan sanarwar 'yan ƙwallo?

Malamin_Tsangaya: Saboda a ranar ce duk Amurka ta juyo ta kalle su. Ƙwallon jami'o'i a can ana nuna ta a talabijin ƙasa baki ɗaya, kuma kocin, Gary Pinkel, ya fito fili ya ce yana tare da yaransa. Abin da jami'a ta fi tsoro shi ne zubewar suna. Kuɗi na biyo bayan suna ne.

Ummu_Haidar: Ni abin da ke ƙona min rai a labarin nan ba murabus ɗin ba ne. Sunan da yaran suka sa wa ƙungiyarsu shi ne Concerned Student 1950, don a 1950 ne jami'ar ta fara karɓar ɗalibai baƙar fata, alhali an kafa ta tun 1839. Shekara 111 ke nan ƙofa a rufe. Kafin nan wani saurayi mai suna Lloyd Gaines ya nemi shiga sashen koyon aikin lauya suka hana shi, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli ya yi nasara a 1938. A 1939 ya fita daga masaukinsa a Chicago, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai a 2006 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ku tuna kuma a wannan jihar ce, a garin Ferguson, ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, a watan Agustan 2014. Yaran nan ba daga sama suka faɗo da fushinsu ba.

Baƙuwa_a_Ingila: Bari in ba ku nawa, don duk abin da kuke faɗa na manyan labarai ne. Mu ƙananan ba a jin namu. Lokacin da nake digiri na biyu, kicin ɗaya muke amfani da shi da wasu ɗalibai a gidan kwana. Wata rana na buɗe firji na tarar an liƙa takarda a jikin robar miyata, an zana biri an sa masa ɗankwali. Na ɗauki hoto, na cire takardar na adana, na cike fom ɗin ƙorafi a shafin makaranta. Aka kira ni wani ɗan ofis, wata mata mai fara'a ta zaunar da ni, ta turo min kwalin tishu tun kafin in buɗe baki, ta haɗa min shayi. Ta saurare ni tsaf, ta rubuta komai. Sai da zangon karatu ya kusa ƙarewa wasiƙa ta zo cewa ba a samu isasshiyar hujjar da za ta nuna wanda ya yi ba, amma suna ba ni shawarar in ga mai ba da shawara kan damuwa, kuma in ina so za a canja min ɗaki. Ni za a canja wa ɗaki. Wanda ya yi zanen ya ci gaba da dafa taliyarsa a kicin ɗin, ni na koma cin abinci a kan gadona.

Gimbiyar_Arewa: Innalillahi. Sannu 'yar uwa, wallahi har idona ya kawo ruwa.

Barista_Kt: Sannu Hajiya. Abin da ya same ki ba ke kaɗai ba ce. Hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar da rahoto a watan Oktoban 2019, ta gano cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na ɗalibai 'yan tsirarun jinsi sun fuskanci tsangwama saboda launinsu, kuma kusan biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa ba su ma kai ƙara ba. Jami'o'in kuwa da yawansu sun ɗauka ƙarancin ƙorafi na nufin babu matsala. Amma in yi adalci, a matsayina na lauya, hukunta mutum ba hujja shi ma zalunci ne. Inda suka gaza shi ne ɗora miki nauyin matsawa.

Baƙuwa_a_Ingila: Barista, mu nawa ne a kicin ɗin? Ba mu cika hannu biyu ba. Ko tara mu a ɗaki ɗaya a ce wannan abin ya faru kuma ba za a lamunta ba, ba a yi ba.

Sarkin_Yaƙi_04: Ni dai ina ganin jami'ar da ta yi abin da ya dace ita ce ta Oklahoma. A watan Maris na 2015 ɗin aka ga bidiyon 'yan wata ƙungiyar ɗalibai a cikin bas suna waƙar cewa baƙi ba zai taɓa shiga ƙungiyarsu ba, har da ambaton rataya a bishiya. Shugaban jami'ar, David Boren, ya rufe gidan ƙungiyar nan take, ya ba su wa'adin kwashe kayansu, ya kori biyu daga makaranta cikin kwana biyu. Babu kwamiti, babu jan ƙafa. @Ɗan_Fagge a nan wa ya taɓa aljihu?

Ɗan_Fagge: Yaya, ka duba da kyau. A makon nan wani yaro ɗan ƙwallo daga Texas da ya yi alƙawarin zuwa Oklahoma ya fasa, 'yan ƙwallon makarantar kuma suka bar atisaye suka fito cikin baƙaƙen kaya. Ƙwallon dai ce ta sake fitowa.

Barista_Kt: Akwai kuma wani ɓangaren. Lauyoyi da dama a Amurka sun ce korar da Boren ya yi ta saɓa wa tsarin mulkinsu, domin jami'ar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi saboda furuci kawai, komai muninsa. Wannan ne ya sa shugabanni da yawa ke ɗari-ɗari. A Afirka ta Kudu doka ta bambanta. A watan Mayun 2022 wani ɗalibi farar fata a Jami'ar Stellenbosch ya shiga ɗakin wani baƙar fata da dare ya yi fitsari a kan teburinsa da kwamfutarsa. An dakatar da shi nan da nan, a watan Yuli aka kore shi, aka kuma naɗa tsohuwar mai shari'a Sisi Khampepe ta binciki makarantar gaba ɗaya. Amma fa can ɗin ma bidiyo ne ya yi aiki. Da babu bidiyo da sai a ce babu hujja, kamar yadda aka ce wa Hajiya.

Ɗan_Zangon_Kumasi: Tunda an zo Afirka ta Kudu, kada a manta da Cape Town. Ranar 9 ga Maris 2015 Chumani Maxwele ya watsa wa mutum-mutumin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, bokitin kashi a tsakiyar jami'a. Ɗalibai suka mamaye ginin hukumar makaranta suka tare a ciki. Ranar 9 ga Afrilu aka kawo injin ɗaga kaya aka ɗauke mutum-mutumin. Wata ɗaya cur. Babu ƙwallo, babu tara. Mu ma nan Ghana an yi. A 2016 shugaban Indiya Pranab Mukherjee ya zo ya ƙaddamar da mutum-mutumin Gandhi a Jami'ar Ghana da ke Legon, malamai suka rubuta takardar koke saboda munanan kalaman da ya rubuta kan baƙaƙe lokacin zamansa a Afirka ta Kudu. A Disambar 2018 aka cire shi.

Mai_Shayin_Kwana: To an cire gunki, sai me? Yaro ya ci gunki ya ƙoshi?

Ɗan_Zangon_Kumasi: Haba ɗan uwa. Daga cire gunkin Rhodes ne wutar ta kama. A watan Oktoban 2015 ɗalibai a faɗin Afirka ta Kudu suka fito kan ƙarin kuɗin makaranta, har sai da shugaban ƙasa Jacob Zuma ya sanar cewa ba za a yi ƙari a 2016 ba. Wasu jami'o'in kuma suka amince su mayar da masu shara da masu gadi cikakkun ma'aikata maimakon 'yan kwangila. Wannan abinci ne a tukunyar mutane.

Malamin_Tsangaya: Gaskiya ne, amma ka ƙarasa. A Fabrairun 2016 ɗaliban Cape Town suka kafa bukkar kwano a tsakiyar makaranta don nuna rashin wurin kwana, rikici ya ɓarke, aka ƙona zane-zanen da ke rataye a gine-gine, aka cinna wa ofishin shugaban jami'ar Max Price wuta. Hukumar da ta saurare su a bara ita ce ta kira 'yan sanda ta kuma je kotu ta samo umarni a kansu. Ni malami ne, na zauna a irin waɗannan tarukan. Ranar da aka fara ƙone-ƙone, malamin da ke goyon bayan ɗalibai a cikin majalisa bakinsa ya mutu, masu cewa a kira 'yan sanda su ke da rana. Ina faɗin wannan da ciwo a raina, don sau da yawa yaran ke da gaskiya.

Ummu_Haidar: Labarin Oxford kuwa ya fi ƙarfafa maganar Ɗan Fagge, amma ta bayan gida. Can ma akwai mutum-mutumin Rhodes a jikin Kwalejin Oriel. A Janairun 2016 kwalejin ta ce ba za ta cire ba, jaridu suka ruwaito cewa masu ba da gudummawa sun yi barazanar janye kuɗi masu yawa. A 2020 bayan kisan George Floyd suka ce suna son cirewa, suka kafa kwamiti. A 2021 mafi yawan 'yan kwamitin suka goyi bayan cirewa, kwalejin ta ce tsada da dokokin gine-ginen tarihi ba za su bari ba. Ɗalibai sun taɓa suna, masu kuɗi sun taɓa aljihu, aka bi masu kuɗi.

Bazazzagi86: Ina karanta ku tun ɗazu. Duk kuna ta hango Amurka da Ingila. Ni ina Samaru a watan Mayun 1986 lokacin da 'yan sanda suka shigo suka buɗe wuta aka rasa rayukan ɗalibai. Kafin mu an yi na 1978, zamanin da ake cewa Ali ya sauka, wato Ahmadu Ali kwamishinan ilimi na tarayya, kan ƙarin kuɗin abinci, nan ma an zubar da jini a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Yaron Missouri ya yi mako bai ci abinci ba, shugaba ya sauka, ya tashi ya ci abincinsa da ransa. Ku riƙa tunawa da wannan in ana kwatance.

'Yar_Damagaram: Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu ma a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy. Har yau duk shekara ana tunawa da su.

Sarkin_Yaƙi_04: Amin. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a makarantunmu babu farar fata amma akwai ɗan asalin jiha da baƙo, akwai ɗan wane gari, akwai wane addini. Wa ya taɓa ganin ofishin da ɗalibi zai kai irin wannan ƙarar?

Gimbiyar_Arewa: Yaya Sarkin Yaƙi, wannan magana ce mai zaman kanta, a buɗe mata nata zauren. Kada mu shashantar da abin da 'yar uwarmu ta kawo. Ba na son duk lokacin da baƙar fata ya ce an ci zarafinsa a waje sai a ce ai a gida ma haka ne.

Ɗan_Fagge: Na gode Gimbiya. Mu dawo Missouri, don akwai tambayar da ban samu amsarta ba. Bayan murabus ɗin, me yaran suka samu a hannu?

Malamin_Tsangaya: An naɗa Mike Middleton shugaban riƙo, baƙar fata ne kuma tsohon ɗalibin makarantar da ya yi irin wannan gwagwarmayar a shekarun 1960. An buɗe ofishin kula da daidaito da babban jami'i a kansa, an sa horo na dole. Amma babbar buƙatar yaran ita ce malamai baƙar fata su kai kashi 10 cikin ɗari, daga kusan kashi 3 da suke a lokacin. Ba a kai ba. Sannan sababbin ɗalibai masu shigowa suka ragu da fiye da kashi 35 cikin ɗari a shekara biyu, har aka rufe gidajen kwana bakwai na wani lokaci, aka rage ma'aikata ɗaruruwa. Iyaye farare suna ganin makarantar ta miƙa wuya ga masu bore, iyaye baƙaƙe suna ganin wurin ba shi da aminci ga 'ya'yansu. An kuma kori wata malama da aka ɗauka a bidiyo tana neman a zo a fitar da ɗalibi ɗan jarida daga sansanin masu zanga-zanga.

Barista_Kt: Ofishin ma da Malam ya ambata babu shi yanzu. A 2024 jami'ar ta rushe shi ta rarraba ma'aikatansa zuwa wasu sassa, saboda matsin lambar 'yan siyasar jihar. Iska ta juya tun 2023, lokacin da Kotun Ƙoli ta hana la'akari da launin fata wajen ba da gurbin karatu, Texas da Florida kuma suka yi dokokin da suka rufe irin waɗannan ofisoshi a jami'o'in gwamnati.

Ɗan_Fagge: To kun gani. Wanda ke riƙe da kasafi ya ce a rufe, an rufe.

Ummu_Haidar: Ban yarda duka a banza ba ne. Georgetown ta amsa da bakinta cewa a 1838 an sayar da bayi 272 don ceto makarantar daga bashi, kuma tun 2016 take ba jikokinsu fifiko wajen shiga. Yale ta cire sunan Calhoun, mai kare bauta, daga wata kwalejinta a 2017. Princeton ta ƙi cire sunan Woodrow Wilson, tsohon shugaban Amurka mai ra'ayin wariya, a 2016, ta cire a 2020. Glasgow ta yi alƙawarin fam miliyan 20 a 2019 tare da Jami'ar West Indies, saboda amfanin da ta ci daga dukiyar bauta. Da yawa daga cikin waɗannan sai da ɗalibai suka yi zaman dirshan a ofisoshi. Waɗanda suka yi zaman sun gama karatu sun tafi kafin a biya buƙatar, ƙannensu ne suka gani.

Baƙuwa_a_Ingila: Anti Ummu, na ji. Amma duk waɗannan suna ne a jikin bango da kuɗi a asusu. Ni abin da na nema shi ne wani babba ya shigo kicin ɗin nan ya yi magana. Wannan ba ya cin ko sisi.

Hajiya_Maman_Biyu: Ni tambaya gare ni. Ɗana na shirin tafiya Amurka karatu. In irin wannan ta taso, ya shiga zanga-zanga ko ya kama kansa? Hankalina ba a kwance yake ba.

Barista_Kt: Hajiya, mai biza ba ɗaya yake da ɗan ƙasa ba. A Afrilun 2024 Jami'ar Columbia ta New York ta kira 'yan sanda suka kama ɗalibai fiye da 100 masu zanga-zangar Gaza. A Maris na 2025 jami'an shige da fice suka kama wata ɗaliba 'yar Turkiyya ta Jami'ar Tufts a kan titi bayan an soke bizarta, kuma abin da aka danganta da ita shi ne wani sharhi da ta sa hannu a jaridar ɗalibai. Maganar Gaza daban ce da ta wariyar launi, amma ta nuna inda baƙo yake tsaye. In makaranta ta dakatar da shi ma kawai, bizarsa na iya shiga matsala. Ki ce masa in an ci zarafinsa ya rubuta rana da lokaci, ya ɗauki hoto, ya nemi shaida, ya kai ƙara a rubuce, ya kuma shiga ƙungiyar ɗaliban Afirka ko ta Musulmi tun makon farko don kada ya tsaya shi kaɗai.

Bazazzagi86: Shawara ce mai kyau Barista. Sai dai in kowa ya kama kansa, wa zai tsaya a gaban motar shugaba?

Hajiya_Maman_Biyu: Baba, 'yan ƙasar su tsaya. Nawa gona aka sayar aka biya masa kuɗin shekarar farko.

Sarkin_Yaƙi_04: @Barista_Kt don Allah in ƙara tambaya. In ɗalibi ya kai ƙara a cikin makaranta aka ce babu hujja, akwai wata hukuma a waje da zai iya ɗaukaka ƙarar zuwa gare ta?

Barista_Kt: Akwai. A Ingila da Wales akwai ofishin mai sasanci mai zaman kansa da ke duba ƙorafin ɗaliban manyan makarantu, kyauta ne, amma sai ka gama bin matakan cikin gida sun ba ka wasiƙar kammalawa, kuma kana da wata 12 daga ranar wasiƙar. A Amurka dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta wariyar launi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ana kai ƙara ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi, yawanci cikin kwana 180. @Baƙuwa_a_Ingila wasiƙar da suka aiko miki, ta ambaci wannan ofishin?

Baƙuwa_a_Ingila: Ta ambata, a layin ƙarshe da ƙananan haruffa. A lokacin ina tsakiyar rubuta kundin kammala digiri, ga biza na shirin ƙarewa. Ban bi ba.